Takardar Auren Richard da Mildred Loving a Gaban Kotun Gundumar Caroline

Ranar 2 ga Yuni, 1958, aka ɗaura auren wani birkila mai shekara 24, Richard Loving, da Mildred Jeter mai shekara 18, a birnin Washington. Dukansu 'yan ƙauyen Central Point ne a gundumar Caroline ta jihar Virginia, kuma daga ƙauyen zuwa Washington tafiyar mil 80 ce ko kusa da haka. Kotun gundumarsu tana garin Bowling Green, nan kusa da gida, kuma can ne duk mai neman aure a yankin yake zuwa karɓar lasisi. Su ba su je ba. Richard farar fata ne, Mildred kuwa tana da jinin baƙar fata da na 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Da sun tsaya gaban teburin magatakardan kotun Caroline, da doka ta hana shi miƙa musu takardar. A Washington babu wannan hani, don haka suka karɓi lasisi, aka ɗaura, suka dawo gida da takardar shaida suka rataye ta a bangon ɗakin kwana.

Sai an san yadda aure yake ƙulluwa a idon hukuma a can kafin a gane abin da ya biyo baya. A Amurka gwamnatin tarayya ba ta bayar da lasisin aure. Kowace jiha da dokarta, kuma aikin yau da kullum yana hannun gunduma, wadda ta yi kusa da abin da muka sani da ƙaramar hukuma. A Virginia magatakardan babbar kotun gunduma ne yake bayarwa. Shi wannan magatakarda ba alƙali ne ke naɗa shi ba, jama'a ne ke zaɓensa na tsawon shekara takwas, kuma a ofishinsa ake ajiye takardun filaye, wasiyyoyi da rajistar aure. Takardu biyu ne a cikin lamarin. Lasisi izini ne da ake karɓa kafin ɗaurin aure. Bayan an ɗaura, wanda ya ɗaura yana cike gurbinsa ya sa hannu ya mayar wa kotu, sannan ne abin ya zama shaidar aure a rubuce. Virginia ba ta amince da auren da aka yi ba lasisi ba, ko da shekara nawa mutane suka yi tare. Ke nan ƙofar aure guda ɗaya ce, kuma mabuɗinta yana hannun magatakarda.

Mabuɗin da aka ba magatakarda

Hana aure tsakanin fari da wanda ba fari ba tsohon abu ne a Virginia, tun dokar 1691, lokacin tana ƙarƙashin Ingila. Amma dokar da ta kama su Loving da gaske ita ce ta 1924, wadda aka kira dokar kiyaye tsarkin jinsi. Ita ce ta fassara farar fata da cewa mutumin da ba shi da ko ɗigon wani jini in ban da na Turawa. Togiya ɗaya aka yi: mai kashi ɗaya cikin 16 ko ƙasa da haka na jinin 'yan asalin ƙasa ana lissafa shi fari. Dalilin togiyar ba tausayi ba ne. Manyan gidajen Virginia da dama suna alfahari da cewa su jikokin Pocahontas ne, 'yar sarkin Powhatan da ta auri Bature John Rolfe a 1614, kuma ba wanda ya so dokar ta ci shi da kansa.

Abin da ya sa dokar 1924 ta fi na baya cizo shi ne inda ta ɗora nauyin aiwatarwa. Ta ce kada magatakarda ya bayar da lasisi sai ya gamsu cewa launin da ango da amarya suka faɗa gaskiya ne. In ya yi shakka, ya riƙe lasisin har sai sun kawo hujja, kuma nauyin kawo hujjar a kansu yake. Yin ƙarya a takardar rajistar launi babban laifi ne mai ɗaurin shekara ɗaya. Wanda ya ɗaura irin wannan aure kuma tarar dala 200 ce a kansa, rabi na wanda ya kai tsegumi. Da haka aka mayar da ma'aikacin ajiye takardu mai binciken asalin mutane, aka kuma sa wa maƙwabta farashi.

Wanda ya tsaya a kan wannan aiki shi ne Walter Plecker, likita, shugaban ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na jihar daga 1912 zuwa 1946. Ya yi imani cewa babu sauran 'yan asalin ƙasa na gaskiya a Virginia, duk mai kiran kansa haka baƙar fata ne da ke neman hanyar shiga cikin farare. Ya riƙa rubuta wa magatakardai da unguwarzoma wasiƙun gargaɗi, ofishinsa yana sauya launin da aka rubuta wa mutane a takardun haihuwa, ko ya manna bayani a bayan takardar. A 1943 ya raba wa ma'aikatan gundumomi jerin sunayen zuriya, gunduma bayan gunduma, na iyalan da ya ce a sa musu ido.

An gwada dokar tun a shekarar da aka kafa ta, kuma gwajin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A gundumar Rockbridge, magatakarda ya hana wata mata, Atha Sorrells, lasisin auren wani farar fata, saboda tsofaffin littattafan gunduma sun rubuta kakanninta a rukunin masu launi. Ta kai ƙara tana cewa a zamanin da aka yi rubutun, duk wanda ba fari ba a wannan rukuni ake zuba shi, har da 'yan asalin ƙasa. Alƙali Henry Holt ya ba ta gaskiya a watan Nuwamba na 1924, ya umarci a ba ta lasisi, ya kuma soki dokar da cewa tana neman mutum ya tabbatar da abin da ba ya tabbatuwa: wa zai iya rantsuwa a kan jinin duk kakanninsa har iya inda tarihi ya kai? Plecker da abokansa sun so a ɗaukaka ƙara. Wani mataimakin babban lauyan jihar ya ba su shawarar su haƙura, domin in aka matsa, ana iya rasa dokar gaba ɗaya. Sunan wannan lauya Leon Bazile. Bayan shekara 34, shi ne alƙalin da ke zaune a kan kujerar kotun Caroline.

Daren 11 ga Yuli

Mako biyar da 'yan kwanaki bayan ɗaurin auren, wajen ƙarfe biyu na dare, shugaban 'yan sandan gunduma Garnett Brooks ya shiga gidan da mutanensa, da sammaci a hannu, suka haska ma'auratan da tocila a kan gado. Kamar yadda aka ruwaito, ya tambayi Richard, "Wace ce wannan matar da kake kwance da ita?" Mildred ce ta amsa: "Ni matarsa ce." Richard ya nuna takardar da ke bango. Brooks ya ce, "Wannan ba ta da amfani a nan."

Maganar tasa rabinta ce kawai gaskiya, kuma a nan ne zuciyar wannan shari'a take. A matsayin shaidar aure, dokar Virginia ta ce takardar banza ce, domin sashe na 20-57 ya ɗauki irin wannan aure a matsayin rusasshe tun asali, ba sai kotu ta raba ba. Amma masu dokar sun san mutane za su riƙa tsallaka iyaka, tun ƙarni na 19 ake yi. Don haka sashe na 20-58 ya ce duk fari da mai launi da suka fita daga jihar don su yi aure, da niyyar dawowa, suka kuma dawo suka zauna a matsayin mata da miji, hukuncinsu ɗaya da wanda ya yi a cikin gida. Sashe na 20-59 ya sa ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyar. To mene ne zai tabbatar wa kotu cewa sun fita, sun yi aure, a rana kaza, a wuri kaza? Takardar nan ta bango. Abin da ya kasa kare su a matsayin ma'aurata ya isa ya kama su a matsayin masu laifi, da hatimi da sa hannu.

Wani abin lura a lasisin na Washington: a gurbin launi, Mildred Indiya aka rubuta, ba baƙar fata ba, kuma a ƙarshen rayuwarta ta riƙa danganta kanta da ƙabilar Rappahannock. A idon dokar Virginia wannan bai sauya komai ba. Fari ba zai auri mai jinin baƙar fata ba.

Aka kai su gidan yarin Bowling Green. Richard kwana ɗaya ya yi aka yi belinsa a kan dala 1,000. Mildred, da juna biyu, ta ƙara kwanaki a tsare kafin a sake ta a hannun mahaifinta. A watan Oktoba aka gabatar da tuhuma, ranar 6 ga Janairu, 1959 suka amsa laifi gaban Alƙali Bazile. Ya yanke musu shekara ɗaya-ɗaya, sannan ya dakatar da ɗaurin bisa sharaɗin su bar Virginia, kada su sake shigowa tare har shekara 25. Ana iya cewa sassauci ya yi, tunda mafi ƙarancin hukunci ya bayar kuma bai kulle su ba. Ni dai ina ganin dabara ce ta tsohon lauya da ya san darasin 1924: wanda ya amsa laifi ya karɓi kora ba shi da abin ɗaukaka ƙara a kai, doka kuma ta tsira ba tare da an taɓa ta ba.

Suka koma Washington wajen dangin Mildred. Richard ya ci gaba da aikin gini, suka yi renon 'ya'ya uku a birnin da Mildred ba ta taɓa sabawa da shi ba. Ita 'yar karkara ce, ga kewar gida, ga tsadar rayuwa, kuma ziyarar iyaye tare ta zama laifi. Mutanen Central Point kansu ba su ga abin mamaki a auren ba, domin ƙauye ne da farare da baƙaƙe da 'yan asalin ƙasa suka daɗe suna noma tare, suna cuɗanya, jini ya gauraya tun kaka da kakanni. Matsalar daga littafin doka ta fito, sai kuma wanda ya kai tsegumi.

Daga wasiƙa zuwa Kotun Ƙoli

A 1963, lokacin da muhawarar 'yancin baƙar fata ta cika Washington, Mildred ta rubuta wa babban lauyan tarayya Robert Kennedy wasiƙa. Aka tura ta ga ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, ƙungiyar ta miƙa lamarin ga wani matashin lauya, Bernard Cohen, daga baya Philip Hirschkop ya haɗu da shi. Matsalarsu ta farko ita ce yadda za a farfaɗo da shari'ar da aka rufe shekara huɗu da suka wuce. Abin da ya cece su shi ne dakatar da ɗaurin da Bazile ya yi: tunda hukuncin yana rataye har shekara 25, shari'ar ba ta mutu ba. Ranar 6 ga Nuwamba, 1963 Cohen ya nemi kotun Caroline ta soke hukuncinta. Bazile ya yi shiru kusan shekara guda. A watan Oktoba na 1964 lauyoyin suka shigar da ƙara a kotun tarayya, wannan ne ya tilasta masa magana.

A watan Janairu na 1965 ya ƙi roƙon, ya kuma rubuta kalaman da suka fi komai taimakon abokan hamayyarsa. Ya ce Allah Maɗaukaki ya halicci jinsuna, fari da baƙi da rawaya da Malay da ja, ya ajiye su a nahiyoyi daban-daban, kuma raba su da ya yi ya nuna bai nufi su gauraya ba. Bai tsaya ya bayyana yadda aka yi Turawa da 'yan Afirka suka tsinci kansu a nahiyar jajayen ba, ko wa ya kawo wa a cikin jirgi. Kotun ɗaukaka ƙara mafi girma ta jihar, ta bakin Mai Shari'a Harry Carrico, ta tabbatar da dokar a watan Maris na 1966, ta dogara da hukuncinta na 1955 a shari'ar Naim, inda aka rushe auren wata farar fata da wani ma'aikacin jirgin ruwa ɗan China da suka je North Carolina suka ɗaura. Wancan karon Kotun Ƙoli ta Amurka ta kauce wa shari'ar, domin ƙurar hukuncin haɗe makarantun farare da baƙaƙe na 1954 ba ta lafa ba.

A 1967 yanayi ya sauya. Tun 1948 kotun ƙolin Kalifoniya ta soke irin wannan doka, a shari'ar da ita ma daga teburin magatakardan gundumar Los Angeles ta taso, jihohi da dama kuma sun bi baya sun goge tasu. Saura 16, duk a kudanci da kewayensa. Ranar 10 ga Afrilu aka saurari ɓangarorin. Hujjar Virginia ita ce babu wariya, tunda fari da baƙi hukunci ɗaya ake yi musu, hujjar da Kotun Ƙoli ta taɓa karɓa a 1883. Su Loving ba su halarci zaman ba. Cohen ya isar da saƙon Richard ga alƙalai: "Mista Cohen, ka gaya wa kotu ina son matata, kuma rashin adalci ne a ce ba zan iya zama da ita a Virginia ba."

Ranar 12 ga Yuni, 1967 alƙalai tara suka yi ittifaƙi. Alƙalin Alƙalai Earl Warren, wanda ya rubuta hukuncin, ya kama dokar ta inda ta fi rauni: ba ta hana baƙar fata auren ɗan Asiya ba, ba ta hana ɗan asalin ƙasa auren baƙar fata ba, jinin fari kaɗai take gadi. Wannan, in ji shi, ya nuna an yi ta ne don ɗaukaka farar fata a kan saura. Kotun ta ce dokar ta saɓa wa gyara na 14 na tsarin mulki ta fuska biyu, daidaito a gaban doka da kuma 'yancin da ba a ƙwacewa ba bisa ƙa'ida ba, sannan ta ce zaɓin auren wani jinsi ko ƙin aurensa na mutum ne, jiha ba ta da ikon shiga. Bazile bai ga wannan rana ba, ya rasu a watan Maris na shekarar.

Su Loving suka koma Central Point, Richard ya gina musu gida da hannunsa. A watan Yuni na 1975 wani direba da ya sha giya ya buge motarsu, Richard ya rasu, Mildred ta rasa ido ɗaya. Ita ta rasu ranar 2 ga Mayu, 2008.

Gurbin da ya rage a fom

Hukuncin Kotun Ƙoli yana kashe doka, amma ba ya zuwa ya zauna a kowane tebur. A 1970 sai da gwamnatin tarayya ta kai ƙara kafin wani alƙalin gunduma a Alabama ya daina hana lasisi, bayan ya ƙi ba wani soja farar fata da amaryarsa baƙar fata. Alabama ba ta goge hanin daga tsarin mulkinta ba sai a 2000, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na masu ƙuri'a sun zaɓi a bar shi. A 2009 wani ƙaramin alƙali a Louisiana, Keith Bardwell, ya ƙi ɗaura irin wannan aure, surutu ya yi yawa har ya ajiye aiki.

A Virginia kanta abin da ya rage ya fi waɗannan ɓoyuwa. An daina hana kowa aure, amma fom ɗin lasisi ya ci gaba da tambayar launi, kuma amsawa dole ce, a ƙarƙashin rantsuwa. Haka aka yi shekara 52. A watan Satumba na 2019 wasu masu shirin aure, maza da mata uku-uku, suka kai ƙara kotun tarayya ta hannun lauya Victor Glasberg, bayan an hana su lasisi don sun ƙi faɗar launinsu. Kowace gunduma da jerin da take nuna wa mutane. A Arlington 'yan zaɓuɓɓuka ne kaɗan. A Rockbridge, gundumar nan ta Atha Sorrells, jerin ya haura 200, a ciki har da Ariyan, da sunayen zamanin bauta na mai rabin jinin baƙar fata, da mai rubu'i, da mai sumuni, sai ka ce rabon gado ake yi.

Babban lauyan jihar, Mark Herring, ya yi sauri ya umarci a ƙara gurbin "na ƙi amsawa". Masu ƙara suka ce bai isa ba, tunda dokar tana nan a littafi, kuma wani babban lauyan na iya zuwa gobe ya janye umarnin. Alƙali Rossie Alston ya yarda da su a watan Oktoba na 2019, ya ce sharaɗin ya saɓa wa tsarin mulki, ya kuma danganta shi kai tsaye da tarihin dokar 1924. Majalisar jihar ta cire tambayar a 2020. Akwai masu cewa tambayar ƙididdiga ce kawai, ba cutarwa. Wataƙila haka ma'aikatan da ke miƙa fom ɗin suka ɗauka, kuma ba na zarginsu da mugun nufi. Sai dai ƙididdigar da in ka ƙi bayarwa za a hana ka aure ta wuce ƙididdiga. Ita kuwa maganar Brooks, cewa takardar wata jiha ba ta aiki a nan, sai a watan Disamba na 2022 dokar tarayya ta rufe ta a rubuce, inda ta wajabta wa kowace jiha amincewa da auren da aka ɗaura bisa doka a wata jiha, ba tare da duba launi, ƙabila, asalin ƙasa ko jinsin ma'auratan ba.

Yadda abin yake a yau, da inda takardu suke

Yanzu mai neman lasisi a Virginia yana iya zuwa kowace babbar kotun gunduma ko ta birni a jihar, ba lallai ta inda yake zaune ba, kuma ba sai ya kasance ɗan jihar ba. Ango da amarya suna zuwa tare, da katin shaida mai hoto, su yi rantsuwa a kan bayanan da suka bayar, su biya dala 30. Babu gwajin jini, babu kwanakin jira. Lasisin yana aiki kwana 60, kuma a cikin Virginia kaɗai. Shekarun aure 18 ne, tun 2024 babu togiya. Wanda zai ɗaura dole ya kasance kotu ta ba shi izini, fasto ne ko limami ko wanda kotu ta naɗa, kuma kwana biyar gare shi ya mayar da takardar. Nan ne Musulmi baƙi suka fi yin tuntuɓe: a taru a masallaci, waliyyi ya bayar, a biya sadaki, shaidu su shaida, aure ya ɗauru a addini, amma in ba a karɓi lasisi ba, ko limamin bai mayar da takarda ba, ranar da maganar gado ko inshora ko takardun zama ta taso sai a tarar littafin kotu babu komai.

Mai neman kwafin shaidar aure kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: inda aka bayar da lasisi, can rajistar take, ba inda aka yi biki ko inda ake zaune ba. Wanda ya je Bowling Green neman shaidar auren su Loving ba zai samu ba, domin Washington ce ta bayar. Abin da kotun Caroline ta rubuta a kansu takardun tuhuma ne da hukunci. Ban da kotu, ofishin rajista na ma'aikatar lafiya ta jihar yana riƙe da bayanan aure daga 1936 zuwa yau, kuma sai bayan shekara 25 rajista ke zama a buɗe ga kowa, kafin nan sai makusanta. Na 1853 zuwa 1935 suna babban ɗakin karatu na jihar a Richmond. Kafin 1853 sai abin da gunduma ta adana, in ya tsira. Na Caroline da yawa ba su tsira ba, domin sojojin Arewa sun wawashe kotun a watan Mayu na 1864, lokacin yaƙin basasa.

Ga jikokin bayi, giɓin ya fi haka faɗi. Doka ba ta san auren bawa ba, don haka babu lasisi, babu rajista. Sai a watan Fabrairu na 1866 majalisar Virginia ta halatta zaman auren 'yantattun bayi, aka bi gunduma-gunduma ana rubuta sunan miji da mata, da shekarunsu, da 'ya'yansu, da sunan wanda ya mallake su a da. Inda waɗannan littattafai suka tsira, su ne sau da yawa wuri na farko da sunan iyali gaba ɗaya ya hau takardar hukuma.

Ɓarnar Plecker ita ce ta fi daɗewa, domin shi bai ƙona takarda ba, gurɓata ta ya yi. Hukumar tarayya mai kula da ƙabilun asali tana neman ƙabila ta nuna, da takardu, cewa ta ci gaba da wanzuwa ba yankewa kafin a amince da ita. Ƙabilun Virginia kuwa takardun haihuwarsu da na aurensu na shekaru da dama sun ce su ba Indiyawa ba ne. Wasu iyalai a wancan zamani har barin jihar suke yi su ɗaura aure a wani wuri, don kawai a rubuta musu asalinsu daidai. Ƙabilar Pamunkey ce kaɗai ta iya bin hanyar hukumar, aka amince da ita a 2015. Wasu shida, wato Chickahominy, da Chickahominy ta Gabas, da Upper Mattaponi, da Monacan, da Nansemond, da Rappahannock da Mildred ta danganta kanta da ita, sai da majalisar dokokin tarayya ta yi musu doka ta musamman, aka sa mata hannu a watan Janairu na 2018.